Na Kai Mai Ƙaho Ganin Gida

Wata biyu ke nan da dawowata daga ƙasar Girka, kuma har yau ban taɓa shan fura na gama ba tare da wani ya yi sallama ya ce a ba shi labari ba. Na bayar a ƙofar gida, na bayar a bakin masallaci bayan la'asar, na bayar wajen mai shayi. Abin da ya ishe ni shi ne labarin ya fara tafiya ba da ni ba. Ranar kasuwar Mada wani mutum ya tsare ni yana rantsuwa cewa wani tsoho daga Bunguɗu ya ci abinci kwano ɗaya da sarkin Girkawa. Na ce masa ba su da sarki. Ya ce ni me na sani. Shi ya sa na sayi littafi mai layi na zauna rubutawa. Wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri, karatuna a aji uku ya tsaya, domin malamin ya ce ajin ba zai ɗauki masu bayani biyu ba.

Ga asalin maganar. Ina saurayi na yi aikin sikeli a kantin wani Bagirke a Gusau, mai sayen fata da gyaɗa. Sunansa na gaskiya yana da tsawo, ba wanda ya taɓa kaiwa ƙarshensa, sai muka sa masa Mai Lofe. Da zan auri Kulu ya buɗe akwatin ƙarfensa ya ba ni gudummawa: kuɗin zinariya guda ɗaya, faɗin sisi amma ya fi sisi kauri. Gefe ɗaya kan mutum ne da ƙahon rago ya nannaɗo bayan kunnensa. Ɗaya gefen mace ce zaune a kujera da hular yaƙi da garkuwa. Na tambayi Mai Lofe wane ne wannan. Ya ce wani sarki ne da ya ci duniya gabas da yamma. To, mutum da ƙaho, ya ci gabas da yamma, ko ɗan aji uku ya san inda zancen ya dosa. Na ce Zulƙarnaini ne. Na ba Kulu a matsayin sadaki, ta kai wa maƙeri ya huda ta rataya a wuya.

Shekara arba'in da 'yan kai ina faɗin wannan magana, shekara arba'in da 'yan kai taubashina Ɗan'ige na Tsafe yana cewa maɓallin rigar soja ne. A wajen suna ya faɗa, a wajen ɗaurin aure ya faɗa, har wajen zaman makoki ya taɓa raɗa mini a kunne.

Bara sai ga wasiƙa daga 'yar Mai Lofe, wadda aka haifa a Gusau ranar Lahadi muke ce mata Ladi. Ta ce tsohon yana nan da rai, ya haura casa'in, ya manta sunayen 'ya'yansa amma kullum yana kiran Mande, wato ni, ya zo ya duba sikeli. Ta aiko da takardu da tikitin jirgi. A ƙasan wasiƙar ta ƙara da cewa tana da ƙawa wadda ba ta da aiki sai duba tsofaffin kuɗi ta faɗi shekarunsu. Ban ga sauran wasiƙar da kyau ba. Fuskar Ɗan'ige nake gani.

Na sami Kulu tana tsince wake, na ce ta ara mini zinariyar.

"Mi za ka yi da ita can?" ta ce.

"Ganin gida zan kai ta."

"Sadakina na, Mande. Akuyar da anka ba ni ta mutu, zannuwa sun yage, tasoshi sun ɓule. Ita ɗai ta rage. Ga wuyanka za ta tahi, ga wuyanka za ta komo. In ba ta komo ba, kai ma ka nemi ɗaki can."

Ita da kanta ta kai wa baduku ya ɗinke zinariyar cikin fata kamar laya.

Tafiya ta faro da rashin mai. Motar da na shiga a Gusau ta kai Tsafe da ƙyar, direba ya tsaya ciniki da 'yan bumburutu, sai ga Ɗan'ige ya dogaro sanda kamar wanda aka aika wa takarda. Ya leƙo ta taga ya dubi butata da jakata.

"Mutane na tahiya gabas su komo alhazai, kai ka bi ta gehenta. To, in sun ce maɓalli na, ka sawo man rigar in haɗa."

Duk motar aka yi dariya, har da wata Bafillatana da ba ta san kan zancen ba.

A Kano na shiga jirgi karo na farko. Ba zan yi dogon bayani ba, domin rabin tafiyar idona a rufe yake. Mun sauka Alƙahira aka ajiye mu a kujeru daga hantsi har la'asar. Duk wanda ya tambaye ni yadda Masar take, kujera ce mai sanyi da mutum a sama yana magana ta bututu.

A filin jirgin Atina, babban birnin Girka, bayan an buga mini hatimi a fasfo, na tarar da ƙofofi biyu, ɗaya kore ɗaya ja. Na tsaya na yi tunani irin na manya. Ja launin jini ne da wuta da fitilar motar asibiti. Kore kuwa launin shuka ne da tutarmu. Na bi kore. Ma'aikacin da ke wurin bai ko kalli layar ba. Buta ce ta ɗaure masa kai: ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya shinshina, ya kira abokinsa shi ma ya shinshina. Ku riƙe zancen ƙofar nan, za mu dawo kansa.

Ladi na jira a waje. Yarinyar da na sani tana bin kaji a bayan kanti ta zama tsohuwa mai furfura da jakar hannu. Amma Hausarta a shekara bakwai ta tsaya, ranar da suka bar Gusau. Ta riƙe hannuna biyu ta ce, "Mande, ka zo lahiya? Ka sawo man alawa?" Na ciro ƙullin ƙuli-ƙuli da Kulu ta yi mata. Ta sa guda a baki sai hawaye. Na ɗauka haƙori ne ya karye.

Ban ji na iso cikin mutane ba sai a cikin tasi. Wani mai babur ya gitta mana, direbanmu ya zuro hannu ta taga ya ware yatsu biyar ya watsa masa daƙuwa, irin tamu sak, ba ragi. Mai babur ya rama da hannu biyu. Na tambayi Ladi ko ma'anar ɗaya ce. Ta ce kusan ɗaya. Na ce to alhamdu lillahi, akwai zumunci.

Gidansu a hawa na biyar yake. Mutane a samanka, mutane a ƙasanka, ba zaure, ba inda za ka zubar da ruwan alwala ba a kan wani ba. Ana shiga wani ɗan ɗaki kamar rumbu ya ɗaga ka sama. Maƙwabciyarsu tana da kare mai riga, kuma karen ke fara shiga. A gindin gidan akwai wurin shan gahawa inda tsofaffi ke wuni kowa da carbi a hannu. Na yi murna, na yi musu cikakkiyar sallama na tambayi alƙibla. Ashe ba tasbihi suke ba. Kaɗa shi kawai suke yi yana ƙas-ƙas suna gardamar siyasa. Na ce a raina, mu ma muna da irinsu, sai dai namu suna motsa leɓe.

Abinci kuwa, akwai zaitun, kamar ɗinya da aka jiƙa a ruwan gishiri don mugunta. Akwai farin cuku mai tsami. Akwai tsire, amma ba ƙuli ba yaji, tsirara. Akwai wani abin ruwa mai hannuwa takwas da suke shanyawa a igiya kamar wanki, wannan ko sunansa ban tambaya ba. Matar da ke kula da tsohon ita ke girki in Ladi ta tafi aiki. Na nuna nama na yi mata kukan alade don in ji ko shi ne. Ta ɗaga gira ta ɗaga haɓa. A wurinmu ɗaga gira ai na'am ne. Kwana uku ina cin burodi da zaitun ina kallon naman rago yana komawa kicin, kafin Ladi ta gaya mini a can ɗaga gira a'a ne.

Mai Lofe ya ƙanƙance, yana zaune a kujera an lulluɓe masa ƙafafu, ba lofe. Da na shiga ya dube ni ya ce da Hausa, "Kai yaro, ka makara. Fatun Kwatarkwashi sun iso?" Na ce sun iso, maigida. Ya ce in duba su da kyau, mutanen nan suna shafa laka don nauyi. Na ce na duba. Ya kama hannuna bai saki ba har ya yi barci. Wannan kaɗai ya isa tafiyar, kuma ba zan yi wasa da shi ba.

Amma da na farke layar na nuna masa zinariyar, sai na shiga uku. Ranar farko ya ce kakansa ne ya tono ta da garma a gona. Rana ta biyu ya ce a shagon masu sarƙa ya saye ta a Iskandariya, akwai irinta cike da kwano. Rana ta uku ya juya ta ya ce, "Kyakkyawa. Ina ka samu?"

Ran nan Ladi ta kai ni wajen ƙawarta, a wani gida da ba a ajiye komai cikinsa sai kuɗin da ba sa sayen ko ashana. Matar tana da tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a ka, sai na sa mata Mai Tabarau. Ita tana Girkanci, Ladi tana juya mini da Hausar 'yar shekara bakwai, ni ina ƙarasawa da hankalin aji uku. In bayanin ya zo muku a karkace, kun san hanyar da ya biyo.

Ta jawo faranti mai ramuka, sai ga Mai Ƙaho har guda goma sha wani abu, jere kamar 'yan gida ɗaya ranar sallah. Na ji daɗi, na ce ga dangi. Sai ta fara rushe ni. Ta ce sunansa Iskandari, zancen ko shi ne wanda malamanmu ke nufi kuwa ba fanninta ba ne. Ta ce ba shi ya buga kuɗin ba, bai taɓa ganinsu ba. Bayan ya mutu ne wani sarkin yaƙinsa ya sa fuskarsa a kuɗi don mutane su yarda da shi. Shi ma ya mutu, garuruwa dabam-dabam suka ci gaba da bugawa fiye da shekara ɗari biyu, fuska ɗaya, suna ɗaya, ba wanda ya rubuta shekara.

Na ce, "To yaya ake gane babba da ƙarami?"

Ladi ta ce, "Ta ce kai ka jera su. Baba gaba, ɗiya baya."

Ni da na yi shekaru ina ware fata lamba ɗaya da lamba biyu, wannan ba aiki ba ne. Na ɗauki masu kumburin kumatu da gashi kamar igiyar guga na sa a farko, domin ai da mugun hannu ake fara koyo. Masu kyau, waɗanda idon ya zurma yana kallon sama, gashin kowane sili da hanyarsa, na sa a ƙarshe. Mai Tabarau ta yi dariya har tabarau na sama ya faɗo. Ta juya jerin gaba ɗaya. Masu kyan su ne tsofaffi. Gwanaye ne suka sassaƙa na farko, na baya suka yi ta kwaikwayon kwaikwayo har fuska ta lalace. Na ce a gaya mata wannan ba sai ta koya mini ba, haka hula take a Gusau, haka burodi, haka 'ya'yan mutane.

Ta ce shaidu uku ake tambaya. Na farko hannun mai sassaƙa, wato yadda aka yi ido da gashi da ƙaho. Na biyu 'yan alamomin da ke bayan kuɗin: haruffa a ƙarƙashin kujerar matar nan, da wani ɗan zane a gindin ƙafarta, kamar mashin kamun kifi mai baki uku, wanda ke nuna wani gari na bakin teku. Na uku nauyi. Nan na gane ta sarai. Ai tsagar fuska ce. Ni ma in na ga mutum na san Bazamfare ne ko Bagobiri kafin ya buɗe baki, in na matsa kusa har in ce wanzamin tsohon hannu ne ko na yanzu. Na ce a kira shaidu.

Ta sa zinariyar Kulu ƙarƙashin gilashi ta daɗe tana kallo. Ta tambaya me ake goge ta da shi. Na ce toka da lemun tsami, kowace sallah, wani lokaci har da Juma'a, matata mace ce mai tsabta. Ta rufe ido kamar an taka mata ƙafa. Gashin ya shafe, idon ya zama ɗan tabo. Ba a iya cewa gwani ne ya yi ko ɗan koyo. Shaida na farko ya mutu.

Ta juya baya. Ta nemi haruffan ƙarƙashin kujera, sai ta ga hasken taga ta wurin. Maƙerin Gusau, Allah ya jiƙansa, da zai huda ya nemi inda ba zai taɓa jikin mutum ba, ya sami ɗan fili ƙarƙashin kujera ya sa tsinke. Sunan garin ya tafi da ƙurar maƙera. Mashin kifin kuwa, in ma akwai shi, ya shige ƙarƙashin zoben da aka yi wa bakin kuɗin daga baya, lokacin da Kulu ta ce yana cin mata zare. Shaida na biyu ya bi na farko.

Sikelinta na yaba masa, ɗan ƙarami cikin gidan gilashi, ko numfashi yana ji. Ta ce na ainihi yakan yi kusan miskali biyu. Namu an rage da huda, an rage da toka, an ƙara da zobe. Abin da sikeli ya faɗa ba na kowa ba ne.

Na ce, "Wato dai ba a sani ba."

Ta ce saura hanya ɗaya. Masu sarƙa na zamanin kakanninta suna zuba irin waɗannan a cikin kasko don kwalliyar mata, kuma na zubi yana barin ɗan layi a bakinsa kamar ɗinki. Na dā kuwa da guduma aka buga, bakinsa ba layi. In aka yanke zoben za ta gani, kafin shayi ya huce. Akwai mai ɗan zarto a ɗaki na gaba.

Na ce a kira shi. Har na fara shirya yadda zan shiga Tsafe.

Sai ta ce in ba ta takardar da aka ba ni a filin jirgi, mai nuna da ita na shigo. Na ce wace takarda, ni ƙofar kore na bi. Ladi ta dafe kai. Ashe kore ta wanda bai ɗauko komai ba ce. Kuma a dokarsu, tsohon abu irin wannan in an same shi a ƙasar ba takardar shigowa, ɗan gida ne, ba ya fita. Mai Tabarau ta yi magana a hankali, Ladi ta juya: "Ta ce yanzu abin wuyan mata take gani. In anka yanke ta ga na dā na, dole ta rubuta. In ta rubuta, nan za shi kwana."

Ku duba wannan lamari. In na yi gaskiya, na rasa sadakin Kulu. In na yi ƙarya, na koma da shi Ɗan'ige ya hau kaina har kabari. Na ƙetare teku don a ce tsohuwa ce, ga ni zaune ina addu'a kada ta zama tsohuwa. Na dubi farantin nan. Akwai rami guda da ba kowa a ciki, daidai ita. Na tuna akuyar da ta mutu da tasoshin da suka ɓule.

Na ce, "A tambaye ta, ita a zuciyarta me ta gani?"

Ta ce zuciyarta ba ta sa hannu a takarda.

Na ce to a bar mai zarto ya huta. Ta riƙe zinariyar a tafin hannunta ta ɗan jima, fiye da yadda ake riƙe maɓalli, a ganina. Amma ganina ne, kuma an riga an nuna mini yadda nake jera abu. Ta miƙo mini. Ladi ta ɗinke layar da zaren Girka. Ranar tafiya Mai Lofe ya ce in gaishe da mutanen Kwatarkwashi in ce musu ya gane lakar.

Na iso Bunguɗu ranar Talata. Laraba da hantsi sai ga Ɗan'ige, ya biya kuɗin mota tun daga Tsafe a wannan tsadar mai. Na ba shi labari tsakani da Allah, ban rage ba.

"Wato kat tahi har can, anka ce a buɗe a gani, kac ce a'a?"

"Awo."

"Tsoro ka ji. Ina rigar?"

Kulu kuwa ba ta tambayi ko shekara nawa ba. Ta farke layar ta duba gaba ta duba baya, ta ce hannuwa sun yi mata yawa ta dushe. Ta ɗebo toka a murhu ta yanka lemun tsami ta zauna a kan turmi. Na ce, "Kulu, tsaya. Matar can ta ce gugar nan ita ta cinye fuskar."

Ba ta ko ɗago kai ba.

"To da mi kake tsammani nike yi? Shekara arba'in ina yawo da hoton namiji ga wuya. Kowace salla sai na tuɓe ta in aje. Na gama da ido, na gama da gashi." Ta ɗaga ta a rana ta ƙanƙance ido. "Saura ƙahon."